Ƙanzon Inna Sabuwa

Sabuwa makwaɗaiciya ce, kuma ba ta taɓa wahalar da kanta wajen ɓoyewa ba. Sa'o'inta mata, idan an aje musu kwano a gidan suna, sai su ture shi gefe su ce yanzu suka tashi daga kan abinci, alhali cikinsu na ƙugi. Ita kuwa sai ta jawo nata ta buɗe, ta kuma tambayi abin da ke cikin waccan tukunyar da ba a taɓa ba tukuna. A unguwarsu ta bayan kasuwa a Goronyo, in aka ji Inna Sabuwa ta yi shiru, to bakinta cike yake. An sha faɗa mata a gaban ido cewa wannan ba halin tsohuwa ba ne. Ta ce ita da yunwa sun san juna tun tana yarinya, ba ta ga dalilin da za ta fara yi mata kara ba yanzu da haƙoranta suke ƙarewa.

A Wurno aka haife ta, gidan manoman albasa, ita ce ta bakwai cikin 'ya'ya mata. A irin wannan gida, kafin kwano ya iso ga ta bakwai miya ta ƙare. Rabonta shi ne tukunya: in an kwashe tuwo a miƙa mata ta kankare ta wanke. Nan ta koyi abin da ta riƙe har tsufa, cewa ƙanzon da ya manne a ƙasan tukunya ya fi tuwon da ke samansa daɗi, in dai an san yadda za a yi da shi. Tun ba a datse gulbi ba aure ya kawo ta Goronyo, gidan Maigandi, mutumin da ke kamun kifi da damina ya yi noman fadama da rani. Ta haifa masa tara, shida suka rayu. Matan uku suna aure a Rabah da Wurno da Giyawa, maza biyu suna Sakkwato, auta Ja'afar shi ya zauna gida ya riƙe fadamar ubansa.

Ba ta taɓa zama mai wadata ba, girkinta kuma bai taɓa neman wadata ba. Lokacin da albasa ta cika kasuwa har ana zubar da wadda ta fara laushi, sai ta kwaso, ta yanke ruɓar, ta yayyanka sauran, ta soya a man gyaɗa bisa wuta kaɗan-kaɗan har ta yi ja ta yi zaƙi, ta ɗura a tsohon gwangwanin madara. Gwangwanin nan shi ne rabin girkinta. Tsakin shinkafar da masu inji ke warewa gefe shi take dafawa da wake, ta zuba cokali biyu na albasar da dakakken tonka, barkonon nan mai sa hawaye. Ƙananan kifin da 'yan sari ke rainawa a bakin dam, Maigandi ya kawo mata su a ƙasan kwando, ta ƙyafe su ta daka har da ƙayarsu. Ɗumamen safe ba ta yarda a ci shi ba man shanu, ko da ɗan abin da zai shafi bakin cokali ne. Ta ce abincin da zai hana mace zama tun hantsi har azahar na masu biki ne, ba na gida ba.

Ƙanzo kuwa zancensa daban ne. Sabuwa da gangan take ƙona tuwonta. In ta gama tuƙi ta rufe, maimakon ta janye wuta kamar kowa, sai ta ƙara tura karan dawa biyu, ta zauna tana saurare. Akwai ƙarar da tukunya take yi idan ƙasanta ya kama, kamar ana taka busasshen ganye. Da ta ji ta sai ta janye. In aka kwashe, abin da ya rage ja ne kamar bayan masa, ba baƙi ba. Tun da zafinsa take tsiyaya soyayyen man shanu ya bi gefe-gefe, ta barbaɗa garin ƙuli-ƙuli da gishiri da tonka, ta rufe ta bar shi ya sha. Sannan ta ja tukunyar bayan madafa ta zauna ta miƙe ƙafa. Shekara arba'in da ɗaya suka yi da Maigandi, sau biyu ya ci ƙanzon nan. Na farko yana kwance da zazzaɓi ta tausaya masa. Na biyu sata ya yi, ta kai ƙararsa wurin yayansa, har ya rasu ana tsokanarsa da zancen a majalisa.

Salima, matar Ja'afar, ta shigo gidan shekara biyu bayan rasuwar Maigandi. Bafillata ce daga rugar ubanta Maccido da ke wajen Boyekai. Uwarta ta rasu tana goye, ƙanwar ubanta, Goggo Zubaida, ita ta raine ta. Yarinya ce doguwa mai ƙarancin magana, in za ta gaida surukarta daga nesa take durƙusawa, kanta a ƙasa. Shekarar farko tana sashenta da tukunyarta, don haka Sabuwa ba ta lura ba cewa ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin yarinyar nan tana tauna ba.

Da ciki ya tsufa ƙafafunta suka kumbura, jininta ya hau. A al'ada haihuwar fari gida ake komawa, amma ma'aikatan asibiti suka ce kada ta yi nisa da su, kafin haihuwa da bayanta, ga shi daga rugar zuwa titi tafiya ce mai tsawo a kan babur. Aka yi shawara ta haihu a Goronyo ta yi jego a hannun Sabuwa. Ta haifi namiji, aka sa masa Lauwali. Goggo Zubaida ta zo ta zauna har suna, ita ke shiga da abinci ɗakin ta saki labule. Kwana biyu bayan suna ta koma, don ta bar shanun tatsa ba mai kula, ta ce sai ranar arba'in.

Sabuwa ta ɗaura ɗamara. An sauke mai jego a ɗakin da ke kallon nata. Da safe bayan wankan ruwan zafi, kunun kanwa mai kauri. Da rana farfesun ƙafar sa, ko tarwaɗa biyu kwance cikin romo. Da hannunta take kaiwa, ta aje, ta dasa kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa ta ce bisimilla. Salima ta ce to, ta gode. Ta ɗauki cokali ta juya romon ta aje. In an fito da kwanon Sabuwa ta buɗe shi a tsakar gida ta duba, ta faɗa yadda maƙwabta za su ji: yau loma uku, jiya huɗu, wannan ci ne ko ɗanɗano? Kuma don kada abinci ya lalace, nan take ta cinye sauran. Cikin kwana goma Sabuwa ta yi kumatu, mai jego kuwa ƙasusuwan wuyanta suka fito.

Lokacin ban ruwan albasa ne, Ja'afar yana fita da asuba sai magariba, kuma ɗakin jego a sashen uwarsa yake, gaisuwa kawai yake yi daga bakin ƙofa. Ya tambayi matarsa, ta ce tana ci. Ya sayo balangu ya ba uwarsa ta kai mata. Uwar ta kai, ta zauna ta zuba mata ido, ƙarshe dai an san cikin da balangun ya shiga.

Maƙwabciyarsu Bilkisu, wadda katanga ɗaya ta raba su, ita ce mai auna jarirai a asibiti. Ranar da aka kai Lauwali awo ta ɗora shi a sikeli sau biyu, sannan ta ja Sabuwa gefe. Ta ce yaron ya kusa mako uku amma bai ko koma nauyin da aka haife shi da shi ba. Nono bai isarsa, uwar kuma da ƙyar take tsayuwa. In aka ƙara mako guda a haka sai an kwantar da su duka biyu.

"Inna, ku riƙa ba ta abinci," in ji Bilkisu.

Sabuwa ta dube ta sama da ƙasa. "Ni kika hwaɗa ma in ba mutum abinci? Gidana anka taɓa ramar yunwa?"

Ta dawo gida ranta a ɓace, ta ƙara girman kwano, ta ƙara matsowa da kujerarta. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kawo misalin kanta da ta cinye rabin akuya a jegon Ja'afar. Salima ta ƙara sunkuyar da kai. Ranar loma biyu aka samu.

Wata Laraba ta kwashe tuwon dawa, ta kai wa mai jego nata, ta dawo ta yi wa ƙanzonta hidima, har da ɗan garin kifi don ta huce takaici, ta rufe. Tana shirin jan tukunyar aka yi sallama. Wata tsohuwa da suke zuwa islamiyya tare ta rasu a ƙarshen layi, ana neman Sabuwa wajen wanka. Wannan ba kiran da ake cewa a jira ba ne. Ta yafa mayafi ta fita tana waiwayen madafa. Sai bayan la'asar ta dawo, kuma ita da bakinta ta faɗa daga baya cewa duk zaman makokin nan rabin hankalinta na kan tukunya.

Ta tarar da ita a kife bisa turmi, an wanke ta tas.

Akuya ba ta wanke tukunya. Ja'afar yana fadama. Ba kowa a gidan sai mai jego da jaririnta. Ta nufi ɗakin, bakinta cike da irin maganar da ta taɓa yi wa Maigandi, ta ɗaga labule. Kwanon tuwon da ta kai yana rufe inda ta aje shi, ɗakin kuwa ƙamshin soyayyen man shanu yake yi. Salima ta sauko daga gado ta durƙusa.

"Inna, na ga tukunya za ta bushe, shi na niw wanke."

Sabuwa ta sake duban rufaffen kwanon. Ta ce Allah ya yi albarka, ta saki labule, ta koma bayan madafa ta zauna inda ta saba zama, yau ba komai a gabanta, tana tunani da yunwa a cikinta.

Abin bai yi mata wuyar ganewa ba. An raini yarinyar nan a inda nuna yunwa gaban suruki ya fi yunwar kanta ciwo. Kwano yana da shaida: an san abin da aka zuba, za a ga abin da ya dawo, ga kuma tsohuwa a bakin ƙofa tana ƙirga loma tana shelanta wa unguwa. Tukunya kuwa ba wanda ya auna abin da ya rage cikinta, kuma wadda ta wanke ta aiki ta yi, ba wanda zai ce ci ta yi. Kwana goma sha biyu ke nan Sabuwa tana zaune tsakanin yarinyar da abinci.

Washegari ta kwashe tuwo amma ta bar kaurin yatsa uku a kan ƙanzon. Ta huhhuda shi da muciya, ta tsiyaya man shanu, ta juye ludayi biyu na miyar kuka, ta marmasa tarwaɗa guda ta cire ƙaya, ta ɗora albasar gwangwani, ta rufe. Ta dama hura da nono, ta sha kaɗan daga sama don a ga an taɓa, ta aje ƙwaryar kusa da tukunya. Kwanon mai jego ta zuba ɗan kaɗan ta kai kamar kullum. Sannan ta tsaya tsakar gida ta yi magana da bango da ƙarfi: bayanta na ciwo, ba ta iya duƙawa wanke-wanke, ga tukunya ga ƙwarya nan duk wanda Allah ya ba iko, ita ta tafi gidan Bilkisu sai la'asar. Ta ja ƙyauren gida har ya yi ƙara.

Da ta dawo, tukunya a kife, ƙwarya a kife.

Haka aka ɗora. Da safe tukunyar ɗumame da ta kunu, da rana ta tuwo, wani lokaci tsakin shinkafa da wake, wanda shi ma ta riƙa barin ƙasansa ya kama kafin ta jiƙa shi da mai. Ita kuma ta zama 'yar zaman gidan Bilkisu, ko matar gidan tana wurin aiki. Ta sha wahala, kuma ba a ɓoye ta sha ta ba. Za ta zauna a tabarmar mutane tana jin cokali na kankarar tukunyarta ta bayan katanga, ta rufe ido ta yi tsaki. Ta ci tuwon gidan ta kushe shi, ta ce fari fat kamar an dafa wa wanda ba a so. Bilkisu kaɗai ta faɗa wa gaskiya, ita ma don ta daina tambaya ne, kuma sai da ta sa ta rantse. Ja'afar bai sani ba. Ya dai ga man shanu na ƙarewa da wuri, kuma a gidan uwarsa wannan ba abin mamaki ba ne.

A awon da ya biyo baya sikeli ya motsa. A na bayansa ya motsa sosai. Bilkisu ta nuna mata layin da ya fara hawa a katin yaron, Sabuwa ta ce ita ba ta san layi ba, amma ta ga cinyarsa ta yi gaɓa biyu.

Sai dai unguwa tana da ido. Masu shigowa barka sun ga mai jego da ɗanyen jiki a duƙe bakin rariya tana cuɗa tukunya da toka. Sun ga kwanonta ɗan mitsitsi. Sun ga surukar kullum a gidan maƙwabta ta miƙe ƙafa. Kuma Sabuwa ce, wadda kowa ya san halinta da abinci. Zancen bai sha wahalar haɗuwa ba: tsohuwa ta cinye kayan jego ta bar 'yar mutane da wanke-wanke. Matan da ke kawo nono kasuwa suka ɗauke shi tare da ƙorensu suka kai Boyekai.

Bilkisu ta kawo mata labarin, ta ce gara ta yi wa mutane bayani. Sabuwa ta ƙi. Ta ce in mace ɗaya ta ji, kafin magariba zai koma kunnen Salima cewa duk unguwa ta san tana cin ƙasan tukunya a ɓoye, daga ranar kuwa ko ruwa sai an yi da gaske za ta sha. Ta ce shekara sittin ana zaginta kan abin da ta ci ba ta mutu ba, zagi kan abin da ba ta ci ba ma ba zai kashe ta ba.

Saura mako guda a yi arba'in, da hantsi, babura biyu suka tsaya ƙofar gida. Goggo Zubaida ta sauka daga ɗaya. Ɗayan ba kowa a bayansa, an kawo shi ne don wadda za a ɗauka. Zubaida doguwar tsohuwa ce busasshiya da ba ta ɗaga murya. Suka yi gaisuwar surukai mai tsawo, aka tambayi shanu, aka tambayi fadama, aka tambayi zafi. Sabuwa ta kawo ruwa da hura, baƙuwar ta taɓa ƙwaryar da yatsa ta ce alhamdu lillahi a ƙoshe take, alhali tun asuba ta baro ruga. Sannan ta ce Maccido ya aiko ta ta tafi da yarinya da ɗanta su ƙarasa jego a gida, maganar dawowa kuma sai maza sun zauna.

Sabuwa ta san abin da wannan ke nufi. Yarinyar har yanzu tana shan maganin hawan jini ana auna ta duk mako, yaron yanzu ya fara kama jiki, kuma zaman maza ba kullum yake dawo da mace ɗakinta ba. Ta ce to, amma a shiga a ga yarinyar tukuna.

Zubaida ta daɗe a ɗakin. Sabuwa tana jin Fillanci ƙasa-ƙasa ta bayan labule, ba ta gane ko kalma ɗaya ba. Da ta fito fuskarta ba kamar yadda ta shiga ba.

"Na ga jikinta, na ɗauki ɗan, ba ni musu," in ji ta. "Amma ta ce gaskiya na, ita ka wankin tukwane. Mu ba mu sa mai jego aiki."

Sabuwa ta ce Zubaida ta ba ta zuwa azahar, in ta ga abin da za ta gani ta ce a tafi, ita da kanta za ta ɗaure kayan. Ta ja ta madafa ta zaunar da ita, ta ɗora tukunya. Ba ta yi bayani ba. Zubaida tana kallo ta tuƙa, ta ƙara kara biyu, ta karkata kai tana saurare, ta janye wuta. Tana kallo aka zuba ɗan kaɗan a kwanon mai jego, aka bar tuwo mai kauri a ƙasa, man shanu ya bi shi, miya ta bi, kifi ya bi, albasa ta rufe sama. Sannan Sabuwa ta yi abin da ba a san ta da shi ba, ta rage murya.

"Wanga shi na wanke-wanken. Kwano ba ta ci, don ina gani. Ke kin hi ni sanin ɗiyakku."

Zubaida ta dubi tukunyar. Daga baya ta ce ita ta koya wa yarinyar, don ita ma shekara ashirin ta yi da uwar mijinta, matar ba ta taɓa ganin ta kai hannu baki ba. Sannan ta tambaya, "To ke mi kika ci?"

"Tuwon maƙwabta," in ji Sabuwa. "Ko alamar ƙanzo ba shi da ita."

Da ɗacin rai na gaske ta faɗa, shi ya sa Zubaida ta ja mayafi ta rufe bakinta, kafaɗunta na rawa.

Sabuwa ta dubi leɓɓan baƙuwar da suka bushe. Ta jawo ƙaramar tukunyar shinkafa da wake da ta rage tun safe, ta mayar bisa wuta har ƙasanta ya kama, ta yi mata irin hidimar da ta yi wa babbar, ta ƙara cokali guda na man shanu. Ta aika wa masu babur nasu a waje. Sannan ta fito tsakar gida ta fuskanci bangon da ta saba yi wa magana: yau tukwane biyu ne, sun yi wa mai jego yawa, in akwai mai taimaka mata Allah ya ba shi lada, ita ta tafi gidan Bilkisu sai la'asar. Ta ja ƙyaure.

Ranar cokali biyu ta ji ta bayan katanga.

Da la'asar ta tarar da tukwanen a kife gefe da gefe. Zubaida tana zaune a tabarma da carbi, jaririn a cinyarta, fuskarta kamar ba abin da ya faru. Ba wadda ta ambaci tukunya. Can Zubaida ta ce rana ta yi sanyi, gara ta kama hanya. Ta ce za ta gaya wa Maccido yarinya tana nan har sai asibiti sun sallame ta, kuma ba wani zama da maza za su yi. Babur na biyu ya koma Boyekai yadda ya zo. Sabuwa ta tsaya ƙofar gida har suka sha kwana, sannan ta shiga ta sake ɗora tuwo ita kaɗai, da yamma tsakanin la'asar da magariba, ta ƙona shi yadda take so.

An yi arba'in lafiya. Asibiti suka tsayar da maganin bayan wata uku. Lauwali ya tashi yaro mai ƙiba da ƙarar murya, kuma tun kafin ya iya magana sosai ya gane inda kakarsa ke zama bayan madafa. Salima ta koma sashenta, amma wankin tukunyar surukarta bai bar hannunta ba, Sabuwa kuma ba ta daina ciwon baya a daidai lokacin kwasar tuwo ba. Ta dai sayi tukunyar tuwo ta biyu, don ta ce ba za ta ƙarasa rayuwarta da tuwon maƙwabta ba. Har yau ba ta ga yarinyar tana tauna ba. Ko Salima ta gane, ba ta taɓa nunawa ba.

Sunan Sabuwa ne bai gyaru ba. A unguwar har yanzu in ana zancen surukai marasa tausayi ana sako ta, ana cewa Allah ne kawai ya raya yaron. Ranar sunan ƙanwar Lauwali, bayan shekara uku, Bilkisu ta ji wata tana maimaita zancen a gefen rumfa, ranta ya ɓaci. Ta samu Goggo Zubaida suka haɗa baki cewa yau za su faɗa wa taron mata abin da ya faru, a wanke tsohuwa tun tana da rai. Suka same ta bayan madafa da tukunya tsakanin ƙafafunta. Ta saurare su tana ci, ba ta ce su sa hannu ba. Sai da ta suɗe yatsunta ta yi magana.

"Yarinyag ga jego taka yi, kuma ci taka yi. Ku bar min sunana yadda shike, ba shi hana ni barci. Abin da nika roƙonku, kada wadda ta hwaɗa mata, ko ina raye ko bayan raina. In kuma alheri kuka son yi min, ke Zubaida, in za ki taho ki riƙa tahowa da man shanun ruga, na kasuwa duk haɗi na."